Yaron da Ake Kaiwa: Nazarin Halin Wani Tauraron Labari Daga Yaye Zuwa Aure Na Uku

Bayanin farko

Labarin da za a duba a nan bai shiga kasuwa ba tukuna. Wata malamar lakwal ce a Damagaram ta rubuta shi, babi 21, yana kuma yawo a hannun wasu masu sha'awar karatu a cikin gari. Tauraron namiji ne, kuma daga farkon littafin har ƙarshensa ba a ambaci sunansa ba. Uwarsa ba ta faɗa domin ɗan fari ne. Kakarsa tana ce masa maigida, a tsangaya ana kiransa ɗan Damagaram, matansa kuwa Malam suke cewa. Matsalarsa a bayyane take: ya saki mata biyu cikin shekara huɗu, kowacce a kwanakin jego, ba faɗa, ba zargi, ba wani laifi da ya ambata. Masu karatu da yawa sun tsaya kan cewa mugu ne kawai. Tambayar wannan nazari ita ce ko babin yarintarsa sun isa su bayyana abin da ya aikata da girmansa.

Ma'aunin da aka ɗauka shi ne ilimin tonon zuci, wanda Sigmund Freud ya kafa. Likita ne da ya yi aiki a Biyana, an haife shi a 1856, ya mutu a Landan a 1939. Tushen tunaninsa shi ne, abin da ya fi ƙarfin zuciyar yaro ba ya ɓacewa. Danne shi ake yi, daga baya ya riƙa ɓullowa ta mafarki, ta suɓul da baka, ko ta wani hali da mutum yake maimaitawa bai san dalili ba. An kuma yi amfani da waɗanda suka zo bayansa suka gyara masa zance. Sharaɗi ɗaya aka kiyaye: ba a ƙara wa yaron wani abin da babu shi a takarda.

1984 zuwa 1985: nono da kunya

An haife shi a Birni, tsohuwar unguwar Damagaram, a farkon 1984, shekarar yunwar da mutane suka raɗa wa El Buhari. A watan Afrilu na shekarar Najeriya ta rufe iyakokinta, uban kuwa ɗan ƙaramin fatauci ne tsakanin Damagaram da Kano, sai sana'a ta tsaya. Uwar tana da shekara 17. A gidan surukai take, don haka kunyar ɗan fari a kanta ba sassauci. Ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a tsakar gida, in ya yi kuka sai wata ta ɗauko ta miƙa mata, ta karɓa tana kallon wani wuri.

Marubuciyar ta saka fage ɗaya tak da ya saɓa wa wannan. A babi na 2, da tsakar dare, bayan kowa ya kwanta, uwar tana ɗora shi a ƙirji tana yi masa 'yar waƙa ƙasa-ƙasa, da ta ji motsi a zaure sai ta yi shiru. Layi shida ne kacal. Mai saurin karatu zai wuce su.

Yaye: wata 17

Alƙur'ani ya ambaci shekara biyu cikakku ga wanda yake son cika shayarwa, a al'ada ma kusan haka ake kaiwa. Shi an yaye shi yana da wata 17 saboda uwar ta yi rurrutsa. An karɓo rubutu wajen malam, an shafa wa nono abu mai ɗaci, washegari da sassafe ƙanwar uwar ta goya shi zuwa Mirya, kimanin kilomita 18 gabas da gari, wajen kakarsa ta wajen uwa.

Ga yadda littafin ya jera abin da ya biyo baya. Kwana uku yana kuka yana nufar ƙofa. Daga nan ya daina, ya koma zama a gindin randa, ba ya cin kirki, ba ya wasa, har kusan mako biyu. Sannan ya saki jiki da kowa. Da uwar ta zo ganin gida bayan wata biyu, ya dube ta ya juya baya, ya je ya maƙale wa kakar. Matan gidan suka yi dariya suka ce yaye ya yi kyau.

A 1952 John Bowlby, likitan ƙwaƙwalwa, da abokin aikinsa James Robertson, a Ingila, sun bayyana matakai uku da suka gani ga ƙananan yaran da aka raba da iyaye mata a asibitoci da gidajen reno: bore, sai yanke ƙauna, sai janye zuciya. Sun ja hankali cewa mataki na ukun ne ya fi yaudarar manya, domin yaron yana dariya yana cin abinci, sai a ɗauka ya warke. Jerin da ke cikin labarin ya zo daidai da nasu, har da juya bayan.

Abu guda ya biyo shi daga Birni: tsohon majanyin da uwar ke goya shi da shi. Ba ya barci sai yana riƙe da shi, yana goga bakinsa a leɓe. Kakar ta hana a wanke. Donald Winnicott, likitan yara ne a Ingila, ya yi rubutu a 1953 kan irin wannan tsumma da yaro ke liƙe wa. Ya ce yana tsaye ne tsakanin jikin uwa da duniyar waje, da shi yaro ke koyon jure rashin uwa, kuma yaron ne ya kamata ya yar da shi da kansa in ya gama da shi.

Mirya, 1985 zuwa 1990

Shekara biyar na lafiya, marubuciyar ma ba ta daɗe a kansu ba. Kakar tana sayar da kayan lambu. Tana tsokanarsa: "Maigida, yau ma ba cefane? To ni na yi yaji." Shi kuma ya ce ya sake ta, gida ya ɗauka da dariya. Yana da surutu, yana da abokai, ya fara zuwa makarantar allo. Ba fitsarin kwance, ba ɗauke-ɗauke. Uwar tana zuwa sau biyu ko uku a shekara, yana gaishe ta kamar baƙuwa.

A daminar 1990 kakar ta kwanta kwana huɗu ta rasu. An kai shi maƙwabta kafin a fito da gawa. Da ya tambaya aka ce masa ta yi tafiya. Bayan sadakar bakwai aka ɗaure kayansa a ɗankwali aka sa shi a mota zuwa Birni. Yana da shekara shida. Har ƙarshen babin babu babban da ya ce masa ta mutu. Wani yaro ne ya faɗa masa a bakin famfo bayan wata biyu, cikin gardama kan layin ɗiban ruwa.

Komawa Birni, 1990 zuwa 1994

Gidan da ya tarar ba wanda ya bari ba ne. Uwarsa ta haifi uku bayansa, tana kiran sunayensu, tana yi musu wasa, tana zaginsu ma, wanda shi ko zagin bai samu ba. In tana son aikensa sai ta ce wa ƙanwarsa, "Ce wa yaron nan ya zo." Uban ya ƙara aure, amaryar tana da ɗa wanda ya fi tauraron iya zama da uba, ko da yake a shekaru ƙanensa ne. Uban ba azzalumi ba ne a littafin. Mutum ne mai fita da asuba ya dawo bayan isha, maganarsa da yara ba ta wuce "kun yi salla?"

Alamu uku suka bayyana cikin wata shida. Fitsarin kwance ya dawo, kusan kullum. Surutun ya ɗauke. Sata ta fara.

Satar tana da tsari, kuma a nan ne labarin ya fi ba da abin kamawa. Daga ɗakin uwarsa kaɗai yake ɗauka. Ɗakin kishiya a buɗe yake wuni, bai taɓa shiga ba. Abin da yake ɗauka bai wuce dala biyar ko goma ba, daga cikin wata tasa da ke can ƙasan jere. Ba ya kashewa. Yana tura kuɗin cikin wani tsagin dutse a bayan gida, irin manyan duwatsun nan na Birni, wani lokaci ya je ya ƙirga ya mayar.

Abin da gidan ya gwada, bi da bi. Bulala daga uba, sau uku a littafin: satar takan tsaya mako guda ta dawo. Rubutu da turare don fitsarin: ba canji. Aka tara yaran unguwa suka bi shi da waƙar tsiya, tabarmarsa a kansa: fitsarin bai tsaya ba, shi dai ya daina fita wasa. A hunturun 1991 aka yi masa kaciya tare da ɗan ubansa. Ranar ce wata gwaggo ta zare majanyin daga ƙarƙashin matashinsa ta jefa a murhu, ta ce namiji ba ya kwana da tsumma. Bai yi kuka a hannun wanzami ba, aka yi ta yabonsa, ɗan uban da ya kwarma ihu aka yi masa dariya. Kazar da aka yanka musu kuwa bai ci ba.

A binciken da Bowlby ya wallafa a 1944 kan yara ɓarayi 44, ya ware 14 da ya ce ba sa iya ƙulla ƙauna da kowa, 12 daga cikinsu sun yi doguwar rabuwa da uwa tun suna ƙanana. Winnicott a 1956 ya kalli abin ta wata fuska. A ganinsa yaron da ke irin wannan sata ba kayan yake nema ba, uwar yake nema, wadda yake jin yana da haƙƙi a kanta. Ya ƙara da cewa wanda ya taɓa ɗanɗana kulawa aka ƙwace masa shi ke yin haka, kuma satar alama ce ta cewa bai fid da rai ba.

A watan Janairu na 1994 aka karya darajar sefa da rabi. Uban ya ce ba zai iya riƙe yara biyu a lakwal ba. Ɗan amarya ya ci gaba. Tauraron aka damƙa wa wani malami mai tafiya Nguru. Kaiwa ta uku ke nan cikin shekara goma, kuma wannan karon ma da safe ya ji labari.

Tsangaya, 1994 zuwa 1999

A Nguru komai ya tsaya cik. Fitsari ya ɗauke cikin wata guda. Bai sake ɗaukar ko allurar wani ba. Ya fi sa'o'insa riƙe karatu, allonsa tsaf, malam yana ba shi ajiyar kuɗin bara. Da labari ya iso Birni, uban ya ce ai dama gabas ita ce maganinsa. A lissafin gida, an gama.

Littafin ya nuna wasu abubuwa biyu da gida bai gani ba. Da ya zama titibiri aka ba shi kula da ƙolaye, ya fi kowa zafin hannu, kuma wanda ya fi duka shi ne duk sabon yaron da ya yi kukan gida da dare. Kalmar da yake faɗa musu ita ce ta gwaggonsa: namiji ba ya haka. Anna Freud, 'yar Freud, ta bayyana wannan a 1936 cikin dabarun da zuciya ke kare kanta da su: wanda aka cuta ya ari rigar mai cutarsa, don ya daina zama a gefen mai rauni. Na biyu, ba shi da aboki ko ɗaya. Kowa yana yabonsa, ba wanda ya san abin da yake so. Winnicott ya yi magana a 1960 kan halin aro, wato ladabi da biyayyar da yaro ke ginawa a waje don ya ɓoye ainihin kansa inda hannu ba zai kai ba.

Rumfar baduku, 1999 zuwa 2008

Ya dawo yana da shekara 15. Ya zauna a fada uku daban-daban a unguwa, wato majalisun shayi na samari, kowacce sai an fara sabawa da shi, an fara ajiye masa kofin shayi, sai a neme shi a rasa. Ya taɓa kabu-kabu ya bari.

Daga ƙarshe wani dattijon baduku a Birni ya ɗauke shi koyon aiki: yankan fata, ɗinkin alabe da kube da gidan laya. Shekara biyu lafiya lau. A ta uku, daidai lokacin da dattijon ya fara ce masa "ɗana" a gaban masu saye, jika 15 suka ɓace daga akwatin rumfa. Satarsa ta farko ke nan tun yana ɗan shekara goma. Washegari bai zo aiki ba.

Dattijon ya bi shi har gida. Maganarsu gajera ce. "Ka san abin da ya kawo ni." "Na sani, Baba." "Za a cire jika ɗaya duk mako har su cika. Gobe kai za ka buɗe rumfa." Ya ajiye masa mabuɗi a kan tabarma ya fita. Ba duka, ba tonon asiri, ba kuma yafe bashin. An cire kuɗin mako 15 cif. Ya zauna a rumfar har ƙarshen littafin, har da shekarar 2005 da hatsi ya yi tsada ciniki ya mutu, dattijon bai sallame shi ba.

Wannan ya gyara zamansa da aiki. Bai taɓa zamansa da mata ba.

Aure biyu, 2008 zuwa 2012

Matar farko budurwa ce, zaɓinsa. Wata goma sha ɗaya ba wanda ya ji kansu. Da ciki ya kai wata bakwai iyayenta suka zo ɗaukarta haihuwar fari a gida, kamar yadda aka saba. Ya raka su har bakin mota, ya biya kuɗin mota. Ta haifi namiji, ya yanka rago ranar suna. Kwana 12 kafin arba'in ya aika da takardar saki. An tambaye shi laifinta, ya ce ba ta yi masa komai ba.

Dangi suka ce hannu ne, suka nuna ɗakin kishiyar uwarsa. An yi ruƙiyya, an yi hayaƙi, an sha rubutu wata guda. Limamin unguwa ya zaunar da shi ya yi masa nasiha kan haƙƙin mace da na ɗa, ya saurara da ladabinsa na tsangaya, ya ce in Allah ya yarda zai mayar da ita, idda ta cika bai je ba. Abin da aka samu daga maganar asiri shi ne gaba tsakanin ɗakuna biyu na gidan uban, wadda ta kai shi da ɗan ubansa suka daina gaisawa.

A 2011 aka ce a sake gwadawa, wata ƙila jininsu ne bai haɗu da ta farko ba. Ta biyun ma budurwa ce. Ta tafi wankan gida a 2012, takarda ta bi ta, wannan karon tun kafin suna.

A 1920 Freud ya ba da labarin jikansa ɗan shekara ɗaya da rabi, wanda in uwarsa ta fita ba ya kuka, sai ya ɗauki wani ɗan katako mai zare ya jefa shi inda ba a gani, ya jawo, ya sake jefawa. Freud ya fassara wasan da cewa yaron ya mayar da abin da ake yi masa ya zama abin da shi yake yi. A rubutun nan ne ya yi bayanin tilascin maimaici, wato mutum ya riƙa sake shirya ciwon da bai iya tunawa ba. A babi na 14, daren da aka tafi da matar farko, tauraron ya yi mafarki yana tsaye a tashar Mirya riƙe da ƙullin kaya, motoci suna wucewa ba mai tsayawa. Ya farka ya tarar ya jiƙa shimfiɗa, yana da shekara 24.

2016 zuwa 2021: abin da ya canja

Baduku ne ya haɗa aure na uku. Bazawara ce mai 'ya'ya biyu, ta girme shi da shekara ɗaya. Da yake ba haihuwar fari ba ce, ba wanda ya zo ɗaukarta. Ta haihu a ɗakinta a 2017, mace. Duk da haka, kwana tara bayan suna ya kwashe kayansa ya koma kwana a rumfa. Matar ba ta yi yaji ba, ba ta kai ƙara ba. Kullum da azahar tana aika masa tuwo, yaron da ke kaiwa ya ce, "Inna ta ce ƙofa ba a kulle take ba." Dattijon kuma ya ƙi barinsa ya rubuta komai: "Ba da alƙalamina ba, ba kuma a rumfata ba."

Babi na 19 shi ne cibiyar littafin. Uwarsa, yanzu tana da shekara 50, ta zo ganin jika. An kira shi ya gaishe ta, ya durƙusa a bakin ƙofa. Ba ta dube shi ba. Jaririyar ta ɗauka, ita ta yi wa magana, shi yana ji. Ta ce mata, ranar da aka kai ubanki Mirya nonona ya kumbura na yi kwana biyar da zazzaɓi, ba halin in yi kuka a gidan miji. Ta ce da tsohuwa ta rasu na so in faɗa masa da bakina, aka ce ba ta ɗan fari ba ce. Sai ta zo kan tasar. Ta ce tun ɗaukar farko na san shi ne, kuma ban taɓa canja wa kuɗin wuri ba, in sun ƙare nakan ƙara. Wanda ya kai ƙararsa wajen ubansa ba ni ba ce.

Bai ce komai ba. Daren ya kwana a gida.

Sakamakon, gwargwadon abin da littafin ya nuna zuwa 2021: auren yana nan, shekara biyar. Da lokacin yayen yarinyar ya zo a 2019 ya ce ba za a kai ta ko'ina ba, kuma sai ta cika wata 24. A makon yayen shi ne ya ɓace kwana uku, ya dawo da kansa. Ya je Mirya ya nemi a nuna masa kabarin kakarsa. Shi da ɗan ubansa suna gaisawa a masallaci, ba sa cin abinci kwano ɗaya. 'Ya'yansa biyu na farko bai neme su ba.

Hukunci

Fassara ta farko da takan zo wa duk wanda ya ɗan leƙa Freud ita ce rikicin Odifus: yaro tsakanin shekara uku zuwa biyar yana son mallake uwa, yana kishin uba, yana tsoron hukuncinsa. Ga kaciya, ga bulala, kayan sun yi kamar sun haɗu. Amma ba ta zauna ba. A shekarun da ake magana yaron yana Mirya, ba uba a kusa. Kuma duk littafin babu inda ya yi gasa da uban ko ya ƙi shi. Marie-Cécile da Edmond Ortigues, da suka yi aiki da marasa lafiya a asibitin Fann na Dakar, sun wallafa a 1966 cewa a iyalan da suka gani uba ya fi ƙarfin a yi takara da shi, sai kishin ya sauka kan 'yan uwa da sa'o'i. Bahaushe bai buƙaci a zo daga Dakar a gaya masa akwai 'yan ubanci ba. Wannan ya bayyana gabarsa da ɗan amarya sarai. Bai bayyana sakin ba.

Maganar asiri ta faɗi a cikin labarin kansa, tun da an yi magani an sake. Cewa mugu ne kuma ba ta amsa me ya sa sai a jego, me ya sa sai tasar uwarsa, me ya sa sai ranar da aka ce masa ɗana.

Karatun da ya ɗauki dukkan waɗannan shi ne na rabuwa. Sau uku aka ɗauke shi daga inda ya saba ba tare da an yi masa bayani ba, na farkon kuma saboda wani jariri na tafe. Ya girma da sanin cewa zuwan jariri da tafiyar mace abu ɗaya ne, kuma wanda ya saki jiki shi ake kaiwa. Sai ya riƙa riga mutane. Bulala, waƙar tsiya da tura shi gabas duk sun gaza domin kowannensu ƙarin kora ne ga mai ciwon kora. Tsangaya ta kashe alamun ne ta hanyar kashe sa ran. Baduku da mata ta uku sun yi abu iri ɗaya: ya ba su dalilin korarsa, suka ƙi kora, ba su kuma yi kamar bai yi laifi ba. Maganar uwar ta yi aiki ne domin ta zo bayan waɗannan, ta kuma canja masa ma'anar abin da ya riga ya sani. Da a 2008 ta faɗa, ina shakkar zai iya ji.

Kuskure ne a karanta littafin a matsayin ƙarar al'ada. Yara da yawa an yaye su a gidan kaka, an yi musu kunyar fari, sun tashi lafiya, domin al'adar da ta janye uwa ita ce ta tanadi kaka da gwaggo da inna su cike gurbin. Shekarunsa biyar a Mirya shaida ne. Inda igiyar ta tsinke shi ne 1990: mai riƙon ta mutu, ba a ba shi wata ba, ba a bar shi ya yi makoki ba, aka mayar da shi hannun macen da aka hana ta nuna masa so. Ra'ayin Bowlby na farko, da ya jingina kusan komai ga uwa ɗaya, ya yi wa gidan Bahaushe ƙunci.

Akwai iyaka ga duk wannan. Tauraron labari ba majinyaci ba ne, ba zai yi gardama ba, kuma alamun da aka tsinta marubuciyar ce ta shuka su. Dacewarsu da Winnicott tana nuna an gina halin da kyau, ba ta tabbatar da Winnicott ba.

A nan ne kuma nake ganin rauni a littafin. Babi na 19 ya yi saurin biya. Ciwon shekara talatin da ɗoriya bai cika sauka da zama ɗaya ba, marubuciyar ma kamar ta ji haka, shi ya sa ta ƙara ɓatan kwana uku a makon yaye. Babban giɓin shi ne ɗansa na 2008. Babi na 16 ya ambata a layi ɗaya cewa uwar yaron ta sake aure an bar shi wajen kakarsa a unguwar Zango, ɗan fari ne, kuma a 2021 yana da shekara 13. Littafin ya ba yarintar uban babi tara, bai ba wannan yaron ko fage ɗaya ba.